Barcin Sashe: Ɗauke Zafin Hannu Da Kalmomin Da Aikin Ke Bukata A Ƙasar Yawuri

Akwai wata hanya da likitoci su ke bi su ɗauke wa mutum zafi daga hannunsa kaɗai, su gyara masa karaya ko su ɗinke masa rauni, alhali kuwa yana farke, yana ganinsu, yana jin maganarsu, in an gama ya tashi ya koma gida a ran nan. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bayyana yadda wannan aiki ya ke, sa'an nan mu nuna abin da ya shafi masu nazarin Hausa a cikinsa. Gama in an sa mutum barci gaba ɗaya, na'urori ne su ke gaya wa likita halin da jikinsa ya ke ciki. Amma in yana farke, bakinsa ne ke fara ba da labari, kuma in kalma ta rikice tsakaninsa da likita, ana iya rasa hannu, ana ma iya rasa rai. Saboda haka harshe yana cikin kayan wannan aiki, kamar yadda allura da magani su ke ciki.

1. Ƙasar Da Mutanenta

Mun ɗauki ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi don misali, watau ƙananan hukumomin Shanga da Yawuri da Ngaski, waɗanda ke bakin kogin Kwara da tafkin Kainji. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka ta da mutum wajen 44,000 daga tsibirai da bakin kogi aka sake musu matsuguni, zaman mutanen wurin ya sake, amma sana'arsu tana nan: noma, da su, da tuƙin jirgin ruwa, da kiwo. Duk kuwa sana'o'in hannu ne. Lauje da adda su kan yanki manomi, ƙugiya da ƙayar kifi su kan soki masunci, bel ɗin injin niƙa ya kan fizgi hannu, yaro ya kan faɗo daga bisa mangwaro, ɗan acaɓa ya kan faɗi ya dafa ƙasa. Mai irin wannan rauni ba ya son a ba shi gado a asibiti, domin gona ba ta jira, kuɗin jinya kuma yana da nauyi. Manyan asibitoci, irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar awoyi ce daga nan. Abin da ya fi dacewa da shi aiki ne irin na sha-ka-tafi, a yi masa kusa da gida ya koma.

Wani abu kuma da ya sa muka zaɓi wannan ƙasa shi ne yawan harsunanta. Shanganci daga dangin harsunan Mande ya ke, ɗan'uwan Busanci da Kyanganci, ko da ya ke Shangawa da yawa sun koma Hausa. Harshen Gungawa, da Kambarci, da Dukanci, suna cikin reshen da masana ke kira na Kainji. Ga kuma Fulani. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da asibiti, kuma ga da yawa daga cikinsu ita ce harshe na biyu. Ma'aikacin asibitin shi kuma da Turanci ya yi karatunsa. Ke nan sai mutum biyu su haɗu a kan Hausa, kowanne yana fassara daga wani harshe a zuciyarsa.

2. Yadda Zafi Ke Kai Wa Ƙwaƙwalwa

Ba a wurin rauni a ke sanin zafi ba, a ƙwaƙwalwa ne. Akwai wasu zaruruwa farare da su ke ɗaukar saƙo daga fata da nama zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda wayar tangaraho ke ɗaukar labari daga gari zuwa gari. Waɗanda ke hidimar hannu daga saiwa biyar su ke fitowa a gindin wuya, su sarƙe da juna, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa, su ratsa hammata, sa'an nan su rabu su sauka. Malami na iya nuna wa ɗalibai ɗaya daga cikinsu ba da wani kayan aiki ba: duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa ya ji wani abu ya tsarga masa har ƙaramin yatsa, to, ita ce ya buga.

Saƙon yana tafiya ne ta hanyar shigar sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin zaren. Maganin da mu ke magana a kansa toshe waɗannan ƙofofi ya ke yi na ɗan lokaci. Raunin yana nan, saƙon yana tasowa, amma in ya zo inda maganin ya ke sai ya tsaya. Abin lura a nan, zaruruwan ba girmansu ɗaya ba, ba kuwa lokaci ɗaya su ke toshewa ba. Galibi jin ciwo da jin sanyi su ke fara tafiya, jin taɓawa da dannawa da ja kuwa ya kan saura. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

3. Taƙaitaccen Tarihi

A 1846 aka fara nuna wa jama'a aikin tiyata da maganin barci a Bostan ta Amurka. A 1884 wani likita a Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a ido ya ga ana iya aiki a kansa ba tare da barci ba. Ba da jimawa ba William Halsted ya gwada zuba shi da allura a gefen zaren da ke ɗaukar saƙo, sai duk yankin da zaren ke hidima ya daina jin zafi. Amma koken guba ne, yana kuwa kama mai amfani da shi, har ya kama Halsted kansa. A 1905 aka fara aiki da furokain, wanda Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus. A 1908 August Bier ya fito da hanyar zuba magani cikin jijiyar jinin hannun da aka ɗaure. A 1911 Hirschel ya yi allurar ta hammata, Kulenkampff kuma ta gindin wuya. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidokain a Suwidin, shi ne kuwa har yau aka fi aiki da shi, yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a asibiti ba. Da shi ne Holmes ya farfaɗo da hanyar Bier a 1963, bayan an daɗe da barinta. A 2015 wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata da maganin barci mai aminci a kan kuɗin da za su iya biya. Wannan ya ƙara wa waɗannan hanyoyi masu sauƙin kuɗi daraja.

4. Hanyoyi Uku

Hanya ta farko ita ce zuba magani a bakin karayar kanta. In mutum ya faɗi ya dafa ƙasa, sau da yawa ƙashi kan karye dab da wuyan hannu, irin karayar da Abraham Colles na Dabilin ya bayyana a 1814. Jini kan taru a bakin karayar. Likita ya wanke fatar, ya soka allura cikin wannan jini, ya zuba lidokain kamar mililita 10, ya dakata minti 5 zuwa 10, sa'an nan ya ja hannun ya mai da ƙashi wurinsa, ya sa filasta. Wannan hanya ta fi sauran sauƙi da araha, amma ba ta ɗauke zafin duka, kuma ba a yinta in ƙashi ya huda fata ya fito.

Ta biyu ita ce ta Bier. A kan sa ƙaramar allura a jijiyar jini ta bayan hannu, a ɗaga hannun sama jini ya sauka, sa'an nan a hura wata ɗamara ta musamman a sama da gwiwa, har matsinta ya ɗara bugun jinin mutumin da awo 100, jini ya daina shiga ya daina fita. Sai a zuba maganin a jijiyar. Da nauyin mutum a ke auna shi, miligiram 3 ga kowane kilo, watau mai kilo 60 zai sami miligiram 180. Cikin minti 5 ko fiye kaɗan hannu ya daina jin zafi. Sharaɗin da ba a karya shi shi ne, ba a sassauta ɗamarar kafin minti 20, ko da an gama aiki, don kada maganin ya kwarara zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ba a kuma barinta ta daɗe ƙwarai, gama ita kanta tana fara ciwo kafin a cika awa guda. Akwai wani magani mai daɗewa, bufibakain, wanda aka hana zuba shi ta wannan hanya sam, saboda yana tsai da zuciya. Har wa yau likitoci su kan guje wa wannan hanya ga mai amosanin jini, wanda yanzu a ke ce wa sikila, domin tsai da jini a gaɓa na iya ta da ciwon. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Nijeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da irin wannan jini.

Ta uku ita ce zuba magani a gefen zaruruwan tun daga sama, a hammata ko a gindin wuya, hannu duka ya kwanta. Wannan tana bukatar gwani. A da, da taɓawa da ƙiyasi a ke neman wurin, yanzu kuwa a inda a ke da na'urar hoton cikin jiki, irin wadda a ke duba masu juna biyu da ita, likita na ganin zaren da bakin allurarsa. Da lidokain hannu kan kwanta awa biyu ko uku, da bufibakain kuwa ya kan kai awa goma ko fiye.

Dukansu uku aikin wanda ya koya ne, a wurin da akwai iskar taimakon numfashi da kayan ceton rai a kusa. Haɗarin da a ke tsoro shi ne magani ya shiga jini da yawa. In haka ta faru, alamun farko su ne leɓe da harshe su yi nauyi, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya yi ƙara, kai ya yi jiri. In ba a tsaya ba sai jijjiga ta biyo, daga nan zuciya. Mai karatu ya lura, alamun nan huɗu na farko babu wanda ido ko na'ura ke gani. Sai majinyaci ya faɗa.

5. Kalmomin Da Ke Ruɗarwa

Kalma ta farko ita ce hannu. A Hausa daga kafaɗa har farce duk hannu ne. Damtse kuwa, wasu su kan nufi daga kafaɗa zuwa gwiwa da shi, wasu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Shawararmu a tsai da sangalin hannu ga sashen da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu, mai ƙasusuwa biyu a jere, a bar damtse ga na sama, kuma kullum a haɗa magana da nuni.

Ta biyu jijiya. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke ɗaure nama da ƙashi jijiya ce, zaren da ke ɗaukar saƙo shi ma jijiya ne. Ga mahauci wannan ba damuwa, amma a nan bambancin shi ne aikin duka: a hanya ta biyu cikin jijiyar jini a ke so magani ya shiga, a ta uku kuwa shigarsa jijiyar jini shi ne haɗarin. Shi ya sa muka riƙa cewa zare a sama. Muna ganin a ce jijiyar jini ga ta farko, agara ga ta biyu, jijiyar laka ga ta uku, tun da ya ke daga laka ta fito, kowa kuwa ya san laka.

Ta uku ita ce ji, kuma ta fi sauran haɗari. Da ita a ke jin magana, a ji wari, a ji ɗanɗano, a ji ciwo, a ji Hausa. In likita ya tsikari hannu ya ce, "Kana ji?", dattijo mai ladabi zai ce, "Ina ji, likita," yana nufin yana saurare. Wani kuma zai ce yana ji don ya ji an taɓa shi, ko da ya ke ba ciwo, kamar yadda muka bayyana a kashi na biyu. In likita ya ɗauka maganin bai kama ba ya ƙara, to, an matsa kusa da iyakar da ba a ƙetarewa. Bai kamata a bar wannan kalma ita kaɗai ba. A ce, "Tsini ka ji, ko taɓawa?"

Ta huɗu zafi, wanda ya haɗa na wuta da na ciwo. Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba: akwai raɗaɗi, da zugi, da suka, da tsami, da ƙaiƙayi. Kowanne yana gaya wa likita wani abu dabam. Tsamin da ke tasowa ƙarƙashin ɗamara ba ɗaya ya ke da zugin da ke ƙaruwa ƙarƙashin filasta ba. Akwai kuma wani ji da likita ke so a faɗa masa nan take, watau in bakin allura ya taɓi jijiyar laka, abu ya tsarga zuwa yatsu. Ma'aikaci kan ce kamar lantarki. A bakin tafkin Kainji akwai misalin da ya fi wannan kusa: duk masunci ya san abin da minjirya ke yi wa hannun da ya taɓa ta.

Saura sunan aikin kansa. Mutane kan ce allurar kashe zafi, ma'aikaci kuma kan ce, "Za mu kashe hannun." Ga mutanen da suka san shan-inna, suka kuma ji labarin yaron da ƙafarsa ta shanye bayan allura, wannan magana ce mai firgitarwa, tana iya sa mutum ya tashi ya fita. Muna ba da shawara a ce barcin sashe, a kira ɗayan barcin gaba ɗaya. Wani zai ce ai barci ƙanen mutuwa ne. Gaskiya ne, amma mai barci ana sa ran tashinsa, wannan kuwa shi ne abin da a ke so majinyaci ya riƙe.

6. "Da Sauƙi"

Bayan kalmomi akwai al'ada. In an tambayi Bahaushe jiki, amsa ɗaya ce, "Da sauƙi," ko da yana kan gargara. Dauriya abin yabo ce, raki abin kunya, balle ga namiji a gaban mace, ko Bafulatani a gaban baƙo. Mace kuma ba ta son yawaita magana da namijin da ba nata ba. Wannan hali mai kyau ne a zaure, amma a nan yana ɓoye alamun da a ke nema. Maganinsa shi ne a nuna wa mutum tun farko cewa faɗar abin da ya ji taimako ne, ba raki ba, a kuma guji tambayar da za a amsa da i ko a'a. Ga misalin yadda ma'aikaciya za ta yi wa dattijo bayani:

"Baba, sannu. Hannun nan kaɗai za mu sa barci, kai kana farke. Za ka ji muna taɓawa muna ja, wannan ba kome. Zuwa dare ko gobe da safe zai tashi. Amma ina roƙonka abu guda. In ka ji leɓenka ya yi nauyi, ko bakinka kamar ka tsotsi kwabo, ko kunnenka na ƙara, ka gaya mini nan da nan. Ba raki ba ne, Baba, taimakona za ka yi, don ni ba na iya gani."

In ta gama ta ce ya maimaita mata da bakinsa. In Hausarsa ba ta nuna ba, a nemo ɗan'uwansa ya fassara, shi ma a sa shi ya maimaita. Ma'aikacin da ya zo daga Kano ko Zariya ya tuna kuma karin harshen yamma ne ya fi yawa a wannan yanki, sai ya saba kunnensa da shi. Haka nan tambayar sikila: wanda bai san sunan ba zai ce ba shi da ita. Gara a tambaye shi ko an taɓa ƙara masa jini, ko ƙasusuwansa kan yi ciwo tun yana yaro, ko idonsa kan yi rawaya.

7. Bayan Sallama

Tun da ya ke gida mutum zai koma, sauran tsaron hannun yana ga abin da ya fahimta. Hannun da ke barci ba ya sanin wuta, ba ya sanin ruwan zafi, ba ya sanin an kwanta a kansa. A rataye shi a wuya, a nisanta shi da murhu, kada a hau babur ko a tuƙa jirgi sai ya tashi. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sake launi, ko zugi ya riƙa ƙaruwa, to, ɗaurin ya matse, a komo asibiti ko da tsakar dare ne, gama cikin 'yan awoyi nama na iya mutuwa. Wannan gargaɗi ya shafi maɗora ma. Mutane da yawa wurinsu su ke fara zuwa, sun kuwa gaji sana'ar, amma likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha ba da rahoton gaɓoɓin da aka yanke saboda karan ɗori ya matse. Da wuya a raba mutane da maɗori, amma ana iya koya wa kowa waɗannan alamu.

8. Abin Da Ya Rage Gare Mu

Tun zamanin Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 a ke ƙoƙarin tsai da kalmomin sababbin abubuwa, amma galibi daga Turanci a ke farawa a nemo masa Hausa. A wannan fanni ya kamata a fara daga bakin majinyaci. Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga Shanga da Yelwa da Wara da ƙauyukan bakin tafki. A sa kowanne, in ya je hutu, ya rubuto yadda tsofaffin garinsu ke kiran sassan hannu, da irin-irin ciwo, da abin da ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, da Hausa da kuma harshen gidansu, ya rubuta jimlar da aka faɗi kalmar a ciki. In an tara, sai a zauna da likitoci da malaman makarantun jinya a tace, a fitar da takarda guda wadda za a manna a bangon ɗakin ɗinki. Kalmomin da muka kawo a nan, sangalin hannu da jijiyar laka da barcin sashe, shawara ce. Wadda mutanen wurin suka gane ba tare da an ƙara bayani ba, ita za a riƙe.